Kamfani Ashirin da Uku a Gida Mai Lamba Sha Huɗu

Matar ta zo ne da hantsi, lokacin da Baba Mai Wasiƙa ke durƙushe a ƙofar gida yana ɗiga wa sarƙar kekensa mai. Ko sallama ba ta yi ba. Hannunta na dama a naɗe yake da bandeji tun daga yatsu har gwiwa, na hagun kuma riƙe da wani guntun kwali da wuta ta cinye gefensa.

"Nan ne lamba sha huɗu?"

"Nan ne, 'yata. Lafiya dai?"

"Lafiyar ce kake gani haka?" Ta ɗaga hannun mai ciwo. "Ka kira min mai kamfanin."

Baba ya miƙe a hankali yana goge yatsu da tsumma. Ya ce mata babu kamfani a gidan nan, daga shi sai matarsa Inna sai kaji uku. Ta miƙa masa kwalin har yana taɓa masa hanci. Tukunyar gas ta saya a kasuwa, sabuwa fil da fenti mai ƙyalli, kwana uku da kai ta gida ta yi yoyo ta kama da wuta tana tsaka da girki. Abin da ya rage na kwalin tukunyar ke nan, kuma ga shi an buga ɓaro-ɓaro: sunan kamfani, sunan layi, lamba sha huɗu.

Baba ya karanta sau biyu. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne babu kuskure ko na harafi ɗaya. Shekara talatin da huɗu ya yi yana raba wasiƙu a gidan waya, ya ga adireshi iri-iri, har wanda aka rubuta "gidan da ke da akuya mai tari". Shi kuwa wannan, wanda ya rubuta shi ya san aikinsa.

A duk layin, gidansa kaɗai ke da lamba. Sauran gidajen sai dai kwatance: kusa da mai faci, bayan gidan burodi, kallon tankin ruwa. Shi ne ya bi ofishin ƙasa wata takwas har aka ba shi lambarsa, ya sa aka yanka masa ita a farantin ƙarfe, duk shekara yana sabunta mata fenti. Maƙwabta na yi masa tsiya wai ya fi kula da lambar a kan rufin gidan, kuma ba ƙarya suke yi ba.

Matar ta yi ta faɗa har mutane suka fara leƙowa. Ba ta zage shi ba, amma ta faɗi maganar da ta fi zagi zafi. Ta ce, "Da furfurarka." Ta tafi ta bar shi da kwalin a hannu.

Bayan kwana biyu sai ga mutum biyu daga hukumar kula da ingancin kaya, ɗaya da bokitin gam, ɗaya da jar takarda. Suka manna ta a ƙofar, daidai ƙarƙashin lambar. Nan da kwana bakwai za a garƙame harabar kamfanin har sai an gama bincike.

"Wace haraba?" in ji Baba. "Gida ne! Ku shigo ku gani. Matata na ciki, shekara biyu ke nan ba ta iya taka ƙofar nan saboda gwiwa. In kun garƙame, a titi zan shimfiɗa mata tabarma?"

"Baba, mu abin da rajista ta nuna muke bi," in ji mai gam, yana lallatsa gefen takardar da babban yatsa. "In ba daidai ba ne, ka je can su gyara. Kuma kada ka ɓare ta, laifi ne."

Inna ta ji komai daga kan gadonta, don kunnenta bai tsufa ba. Ta ce a kira Auta, ai aikinta ke nan. Auta ita ce ƙaramar 'yarsu, tana da ɗan shago a bakin babbar hanya inda take cike wa mutane takardun rajistar kasuwanci a kwamfuta. Sau uku ta zauna jarrabawa kafin ta samu lasisin wakilci, ranar da ta samu kuwa sai da Baba ya zagaya layin kaf yana nuna wa mutane katin. Ya kira ta ya gaya mata. Ta ce, "Baba, kada ka je ko'ina, ka bar min, zan duba."

Amma Baba ba ya aiken mutum inda ƙafarsa za ta iya kai shi. Washegari ya sa farar rigarsa mai aljihu biyu, ya soka biro a ɗaya, ya hau keke.

Ofishin rajistar kamfanoni na jiha yana hawa na biyu na wani dogon gini mai tagogin gilashi da ba a taɓa wankewa ba. Mai gadi ya hana shi shiga da keke, ya kuma hana shi jingina shi a bango, sai da Baba ya tambaye shi ko a kai zai ɗora shi sannan ya nuna masa wani ƙarfe. A sama aka ba shi lamba ta hamsin da takwas a guntun takarda, alhali mutum tara ne a kan benci. Fanka ɗaya ke juyawa, ita ma ta karkata wajen ma'aikata.

Sai bayan azahar layi ya zo kansa. Akawun wata mace ce mai gilashi a kan hanci, tana cin biskit daga cikin aljihun tebur ɗaya bayan ɗaya, a zatonta ba a gani. Ya ajiye mata kwalin. Ta buga sunan kamfanin ba tare da ta dube shi ba.

"Yana nan. Rajistarsa na da rai. Wata goma sha ɗaya da buɗewa. Adireshi lamba sha huɗu."

"Gidana ne."

"To, ai ka ga an samu."

"Ba a samu komai ba, 'yata. Ni ban san su ba." Ya dafa teburin. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, tunaninsa da adireshi yake farawa. "Na'urar nan, tana iya neman gida maimakon suna? Ki sa lambar gidana mu ga abin da za ta ce."

Ta yi ɗan tsaki, amma ta buga. Sai ta daina tauna. Ta gyara gilashi, ta matso da fuska kusa da allon, ta sa yatsa tana gangarawa ƙasa, leɓenta na motsi.

"Ikon Allah. Baba, ashe babban attajiri ne kai ka zo mana a keke. Ashirin da uku."

"Ashirin da uku me?"

"Kamfanoni."

Ta juyo masa da allon. Ga su nan jere reras. Ɗinkin kayan makaranta. Wankin mota. Kiwon kifi, a gidan da famfo ke zuwa sau biyu a mako. Kamfanin gine-gine da shimfiɗa tituna, a layin da ramukansa suka karya masa ƙafar keke sau biyu. Sayar da tikitin jirgin sama. Makarantar koyon tuƙi. Har da wani mai shigo da injinan noma daga ƙasashen waje. Duk a ɗaki uku da baranda, shi da Inna suna kwance a tsakiyarsu shekara da shekaru ba wanda ya ko yi musu tayin shayi.

Zuciya ta zo wa Baba wuya. "Yanzu ku a nan, kuna zaune, gida ɗaya ya haifi kamfani ashirin da uku, ba wanda ya ce bari in leƙa in gani?"

"Kwamfuta ba ta hana ba."

"Ke fa? Ke ba ki da ido?"

"Baba, ni abin da aka turo nake karɓa. In akwai shaidar adireshi, shi ke nan." Ta danna wani wuri. "Ga ta nan kuwa, kowanne da tasa."

Hoton takardar kuɗin wuta ya cika allon. Sunansa ne a sama. A kusurwar dama kuma ga rubutun hannunsa, da jan biro, yadda ya saba yi wa kowace takarda kafin ya jera ta a cikin tsohuwar jakar aikinsa: kwanan wata, da layi biyu a ƙarƙashi. Jakar nan a ƙarƙashin gadonsa take. Mutum uku ne a duniya suka san wurin, ɗaya kuma ba ta iya sunkuyawa.

"Wa ya turo?" Muryarsa ta yi ƙasa.

"Wakili ɗaya ne duka. Ga lambar lasisi, ga suna."

Bai buƙaci gilashi ba. Sunan da shi da kansa ya zaɓa ne, shekara talatin da ɗaya da suka wuce.

Akawun ta ci gaba da bayani kamar mai karanta farashin kaya. In bai ba da izini ba, akwai takardar rantsuwa da zai cike, ya ce an yi amfani da adireshinsa ba da saninsa ba, ya rubuta sunan wakilin. Da zarar ta shiga, za a ba shi rasit ya kai wa masu jar takarda, su janye. Kamfanonin za a ba su wata ɗaya su kawo adireshi na gaskiya. Wakilin kuwa za a karɓe lasisinsa, a miƙa fayil ɗinsa ga masu bincike.

"Ka san wakilin ne?" ta tambaya, ganin yadda ya tsaya.

Baba ya karɓi fom ɗin rantsuwar, ya ninke shi gida huɗu ya sa a aljihu. Ya juya ya sauka.

Ya tarar da Auta a gida, zaune a bakin gadon Inna tana shafa mata man zafi a gwiwa. Kallo ɗaya ta yi wa farar rigar ta san inda ya je. Ta sauke kai ta ce, "Sannu da zuwa, Baba."

Bai amsa gaisuwar ba, abin da bai taɓa yi mata ba. Ya shiga ɗaki ya jawo jakar, ya zo ya zazzage ta a tsakar ɗakin. Takardun wuta na shekaru suka watsu har ƙarƙashin kujera.

"Zaɓi. Ko akwai wadda ba ki ɗauki hotonta ba tukuna?"

"Malam, mene ne haka?" in ji Inna.

"Tambayi 'yarki. Tambaye ta kamfani nawa kike kwana a ciki."

Auta ta rufe kwalbar man, ta goge hannu a gefen zane. Ba ta yi musu ba, kuma wannan ya ƙara tunzura shi, don ya taho da shirin a yi musu.

"Baba, ka bari in yi magana."

"Yi. Ai ke ce mai gidan."

"Telar nan ta bayan gidan burodi ce ta farko. Makaranta ta ce ba za ta ba ta ɗinkin yunifom ba sai da rajista. Muka cike komai, aka zo kan adireshi, kwamfuta ta ce sai lamba. Na sa bayan gidan burodi, ta ƙi. Na sa kusa da tanki, ta ƙi. Matar nan ta zauna a shagona tana kuka. Ina za ta samo lamba, Baba? Kai wata takwas ka yi kafin a ba ka, kuma kai ma'aikaci ne, ka san ƙofofin."

"Sai kika ba ta tawa."

"A gidan nan na tashi na ga wasiƙun rabin unguwa suna sauka a barandar can. Akwatin katako mai ramuka ka sa aka yi musu. Duk wanda ɗansa ke wani gari, sai ka ce ya rubuta ta hannunka, lamba sha huɗu. Ni nake zagayawa in kira su ina 'yar firamare. Kai ka ce wanda ba shi da adireshi kamar ba ya duniya ne. Wallahi ban ɗauka wani abu daban nake yi ba."

Nan fa Baba ya fashe. Abin da ya fi ci masa rai ke nan, a ɗauki alherinsa a yi masa bulala da shi.

"Kada ki kuskura! Kowane ɗaya daga cikin mutanen nan na san fuskarsa, na san uwarsa, na san ƙofar da yake kwana. Wasiƙa in ta zo, hannu da hannu nake bayarwa. Wanda ban sani ba, ko kati bai taɓa sauka a gidan nan da sunansa ba. Kuma su suka zo suka roƙe ni, ni na ce to. Ke wa kika tambaya? Kina shigowa kullum, ki ci abinci, ki yi dariya da ni, ki shiga ƙarƙashin gadona!"

"Na san za ka ce a'a."

"Ashe kin sani!"

Baba ya jefar da jakar a kan takardun.

"Mai tukunyar gas ɗin," in ji Baba. "A ina yake?"

Auta ta yi tsuru-tsuru. "Ban taɓa ganinsa ba. Wani ne ya haɗa mu, ya turo takardunsa ta waya. Lokacin abin ya riga ya zama min jiki, duk wanda bai kawo lamba ba sai in sa tamu. Tun jiya nake kiran layinsa a kashe."

"Ba ki taɓa ganinsa ba." Ya maimaita a hankali. "Ni na ga matar da ya ƙona. Ta tsaya a ƙofata ta ce min da furfurata."

Sai Auta ta matso ta durƙusa. Ta ce akwai hanya. Ba sai an yi rantsuwar nan ba. Ya ce kawai mutumin ya taɓa kama hayar ɗakin gaba wata biyu, ya gudu. Ita za ta buga takardar haya da tsohon kwanan wata, masu jar takarda za su karɓa, sun saba gani. Gida ya tsira, lasisi ya tsira, telar da sauran ba wanda zai taɓa su. Sauran kuma za ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta canja musu a hankali.

"Malam, ka duba," in ji Inna. "Yarinyar nan shekara shida tana wahala kafin ta tsaya da ƙafarta. Kuskure ta yi. Layi biyu ne kawai za ka sa wa hannu."

"Ɗakin gaba," in ji Baba. "Inda keken ɗinkinki yake shekara ashirin. In ce na ba ɓarawo haya a ciki, na karɓi kuɗinsa, na ga fuskarsa. In suka ce in kwatanta shi fa? In ƙirƙiro masa hanci? Su tafi neman mutumin da babu, shi kuma na gaskiyar yana can yana fesa wa ruɓaɓɓun tukwane fenti?" Ya dubi Auta. "Kin sa sunana a ƙarya sau ashirin da uku ban sani ba. Yanzu kina so in cika ta ashirin da huɗu da hannuna."

Auta ta tashi ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "In ka kai takardar nan, na gama aiki, Baba. Ba wanda zai sake ba ni lasisi."

"Na sani," ya ce. Ya sani ɗin kuwa, kuma abin na cin sa kamar ya haɗiyi garwashi.

Kwana biyu Inna ba ta yi masa magana ba sai abin da ya zama dole. Shi ma kwana biyun fom ɗin na aljihunsa, ya fito da shi, ya mayar. Duk fitar da zai yi sai jar takardar ta tare masa ido, maƙwabta kuma sun koyi gaishe shi suna kallon gefe. Ranar da ya rage saura kwana biyu, ya zauna a baranda ya cike fom ɗin da rubutunsa mai kyau, ya kai kotu aka buga masa hatimin rantsuwa, ya wuce ofishin rajista.

Akawun mai gilashi ta karɓa, ta duba gaba da baya, ta turo masa abinsa.

"Ba ma karɓa da hannu."

"Ke kika ba ni shi da hannu!"

"Bayarwa daban, karɓa daban. Tun bara aka daina. Sai dai wakili mai lasisi ya shigar maka ta kwamfuta, rasit ya fito."

Baba ya tsaya yana kallonta. "Tsaya in fahimta. Wakili ne ya cuce ni. Na zo kawo ƙarar wakili. Kuma ba za ku saurare ni ba sai na je na nemo wakili."

"Haka tsarin yake."

"Wa ya tsara shi? Yana da adireshi? Ki ba ni in je in same shi, ni na iya neman gida!"

Mutanen benci suka yi dariya, wani ya ce, "Gaya musu, Baba." Akawun ko gezau. Ta ce wakilai na nan ƙasa birjik, ta kira lamba ta gaba.

Suna nan kuwa, a ƙarƙashin rumfar kwano a gefen ginin, kowa da ɗan teburinsa da kwamfutar cinya. Na farko ya tare shi da fara'a, ya jawo masa kujera, ya karanta fom ɗin, fara'ar ta gudu. Ya ce na'urarsa ba caji. Na biyu ya ce yau hanyar sadarwa ba ta da kyau, alhali Baba na ganin yana tura wa wani takardu. Na uku, wani mai ƙaton ciki da carbi a hannu, shi ne ya yi masa gaskiya.

"Baba, ba wanda zai shigar maka da wannan a nan. Yau ita, gobe ni. Kana ganin duk rumfar nan akwai wanda bai taɓa ara wa mutum adireshi ba? Rabin garin nan ba lamba. In aka fara tonawa, wa zai rage? Ka je ku sasanta a gida."

"Mace ta ƙone," in ji Baba.

"Allah ya ba ta lafiya," in ji mai carbi, ya juya ga wanda ke bayansa.

Tebur goma sha ɗaya Baba ya bi, yana ƙirgawa don haushi. Ya hau keke ya je wasu shaguna biyu a cikin gari, nan ma labarin ya riga shi isa, don ashe wakilan suna da zaurensu na hira a waya. Rana ta yi sanyi, gajiya ta kama shi. Gobe ce ranar ƙarshe, jibi da safe masu kwaɗo za su zo garƙame gidan, ga Inna a kan gado. Ya tsaya a bakin hanya yana huci, ya rasa wa zai zaga: hukumar, ko wakilan, ko mai tukunya, ko 'yar da ya haifa.

Wakili ɗaya ne ya rage a garin wanda bai je wurinsa ba.

Shagon Auta ɗan ƙarami ne, tebur biyu, firinta, da benci na masu jira. Ba kowa sai ita. Ta gan shi ya jingina keke, ta miƙe tsaye. Idanunta sun kumbura. Wayarta na kan tebur, kuma ya tabbata ta karanta duk abin da abokan aikinta suka rubuta game da tsohon da ke yawo da takarda.

Bai zauna ba. Bai kuma san yadda zai fara ba, shi da bakinsa bai mutu ba tun safe. Ya ciro fom ɗin ya riƙe shi kawai.

"Sun ƙi ko?" ta ce.

"Sun ƙi."

"Har mai carbi?"

"Shi ya fi kowa iya ƙi."

Ta ɗan yi murmushin da bai kai ido ba. Ta dubi takardar, ta dubi ƙafafunsa da suka yi futu-futu da ƙura. "Inna ta ci abinci?"

"Ban sani ba. Ba ta yi min magana."

Auta ta miƙa hannu. Ya yi jinkiri, sannan ya ba ta. Ta jawo masa kujera, ta zauna gaban kwamfuta, ta zaro katin lasisin da ke rataye a wuyanta ta kwafi lambar, duk da ta haddace ta. Ta ɗauki hoton fom ɗin a na'ura, ta fara bugawa. Yatsunta na gudu yadda suka saba, shi kuma yana zaune yana kallon bayan kanta, haushinsa na nan bai tafi ko'ina ba, sai dai ya rasa inda zai sauke shi.

Ta daɗe fiye da yadda layukan fom ɗin suka kamata su ɗauka. Da ta gama ta juyo masa da allon.

"Karanta, Baba, kafin in tura. Kada in sake sa maka abin da ba ka gani ba."

Ya sa gilashi. Maganarsa ce kalma da kalma, ba ta sassauta ko ɗaya ba. Amma a ƙasa, a gurbin da aka ware don bayanin wakili, wanda shi bai ma san da shi ba, ta rubuta nata. Ta ce ita ta ɗauki takardun wutar ba da sanin mai gidan ba. Ta ce ba ta taɓa ganin mai kamfanin gas ido da ido ba. Ta sa lambar wayarsa, da suna da shagon mutumin da ya haɗa su, da ranar da aka turo mata takardun. Ta kuma roƙi a ƙara wa telar da wasu mutum tara lokaci, don su masu sana'a ne na gaskiya, lamba ce kawai ba su da ita.

"Wannan na ƙasan ban ce ki rubuta ba," in ji Baba. "Zai ƙara miki nauyi."

"Ta nan za su kama shi. In tura?"

Sau uku ya buɗe baki. A ofishi ya yi wa akawu ihu, a rumfa ya yi wa mai carbi, yanzu kalma ɗaya ta gagare shi. Ya gyaɗa kai.

"Da baki, Baba. Wancan karon ban tambaye ka ba."

"Tura."

Ta danna. Firinta ta yi ƙara ta turo rasit, ta ciro shi ta miƙa masa da hannu biyu. Kafin ya gama ninkewa, wani jan rubutu ya fito a saman allon, shafin da take aiki a kai shekara shida ya rufe kansa. Ta gwada lambarta sau ɗaya, ya ƙi buɗewa. Ta cire katin daga wuya ta sa a aljihun tebur, ta kashe kwamfutar.

"Ofishin masu jar takarda ƙarfe biyar suke tashi," ta ce, tana neman makullin shago ba tare da ta dube shi ba. "Ka bar keken a nan, ƙafarka ba za ta kai ba. Zo in tsayar maka da mota."